Kada Na'ura Ta Kashe Mana Bugun Kalangu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai albarka in yi magana da matasanmu masu haɗa kiɗa da na'ura, musamman na nan Garwa da Marwa da Ngaundare, kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda suke daidaita lokacin bugu a na'urar tsara kiɗa.

Duk wanda ya taɓa zama gaban fiyanon Yamaha ko na'urar tsara kiɗa ta MPC ya san maɓallin da muke kira kwantayiz. Aikinsa shi ne ya jawo kowane bugu da ka yi da hannu ya ɗora shi a kan layin da na'ura ta shata, kuma ba na musun amfaninsa ga mai koyo wanda hannunsa bai faɗa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, yaranmu suna barinsa a kan ɗaya bisa 16, wanda ke raba kowane taku gida huɗu, alhali yawancin kiɗan kalangu da matanmu ke takawa a biki gida uku yake rabuwa.

Kwanakin baya wani dattijon makaɗi ya zo situdiyona. Ya jingine kalangunsa a bango, ya ƙwanƙwasa kiɗansa da yatsa a kan maɓallan roba na na'urar, muka ɗauka. Kafin in waiwaya, yaron da nake koya wa aiki ya danna kwantayiz. Da muka kunna, dattijon ya saurara kansa a sunkuye, sannan ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, wannan ba hannuna ba ne." Wallahi gaskiya ya faɗa, domin ɗan jinkirin nan da yake yi kafin bugun ƙarshe, wanda shi ne ke ɗaga kafaɗar mai rawa, ya ɓace baki ɗaya.

Abin da ke ƙara mini takaici shi ne masu ƙera na'urorin sun tanadi magani tun tuni. MPC60, wadda Roger Linn ya tsara wa kamfanin Akai kuma ta fito a 1988, tana raba kowane taku zuwa ɗigo 96. Idan gudun kiɗa taku 120 ne a minti ɗaya, taku ɗaya rabin sakan ke nan, ɗigo ɗaya kuwa kimanin kashi 5 cikin dubu na sakan, saboda haka mutum zai iya matsar da bugu guda baya da ɗigo biyu ko uku ba tare da ya taɓa sauran ba. Akwai kuma ma'aunin suwin, wanda ke jinkirta bugu na biyu a kowane biyu: a kan 50 kiɗa yana miƙe sambal, a kan 66 yana kusan komawa rabon gida uku, iyakarsa kuma 75.

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce su ajiye kwafin abin da makaɗi ya buga kafin su taɓa komai, su zaɓi layin gida uku idan kiɗan haka yake tafiya, su bar babbar ganga a kan layi don ta riƙe mawaƙi, sannan su bi kalangu bugu bayan bugu da kunne. Aikin yana cin lokaci, musamman da yake wuta kan ɗauke ana tsaka da shi, amma bai fi ƙarfin kowa ba.

Ranar da dattijon nan ya zo sai da muka sake ɗauka daga farko, muka kai har bayan la'asar muna matsar da bugu bakwai kacal. Da dattijon ya ji, sai ya miƙe ya rataya kalangunsa ya bi na'urar da kiɗa, su biyun suka tafi tare.

Na gode.

Wani mai haɗa kiɗa,
Garwa, Kamaru