Wasiƙa daga Katsina kan fim ɗin matattun nan da ka turo

Rafin Daɗi,
Katsina.

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya Legas, ya aiki, ya haƙuri da cunkoson Agege? Mu nan sai godiyar Allah. Hunturu ya sauka da ƙarfinsa, da safe in ka tsaya a Ƙofar Soro da ƙyar kake hango kan Hasumiyar Gobarau saboda hazo. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka yi nisan kiwo, ko a waya an daina jin muryarka.

Na zaɓi in rubuto maka doguwar wasiƙa ne domin maganar ta fi ƙarfin saƙon WhatsApp. Fim ɗin nan na zombi, wato matattun da ke tashi suna farautar mutane, da ka turo mini, wanda ka biyo shi da cewa kada in ɓata datata, shirme ne, kai ma ba ka wuce farkonsa ba, kuma duk masu kallo sun yi masa kaca-kaca a intanet, to na kalle shi har ƙarshe, na kuma je na karanta abin da masu kallon suka rubuta a IMDb, shafin intanet da ake ba fina-finai maki. Ban yarda da kai ba, ban kuma yarda da yawancinsu ba.

Aibin da suka faɗa yana nan, ba ƙarya suka yi ba. Hodar da aka shafa wa matattun ta tsaya a fuska, wuya da hannuwa suna nan da launinsu. Sautin ba ya fita, wani lokaci iska ta fi 'yan wasan ƙara. Akwai inda inuwar mai ɗaukar hoto ta fito ƙarara a jikin bango. Duk wanda ya kalla ya san ba kuɗi a aikin. Amma abin da ya dame ni shi ne, mafi yawan waɗanda suka ba shi maki 1 cikin 10 iyakar abin da suka gani ke nan. Wannan ya ce jinin bai yi kama da jini ba, wancan ya ce bai ga fitaccen jarumi ko ɗaya ba, wani kuma ya bugi ƙirji ya ce ya kashe tun bai yi nisa ba, sannan ya zauna ya yanke wa fim ɗin gaba ɗaya hukunci. Wannan ai kushe tuwo ne saboda kwanon da aka zubo shi ya lotse, tun ba a kai loma baki ba. Akwai kuma masu ba da 10 cikin 10 da yabo ba kai ba gindi, waɗanda daga ji ka san ko dai dangin masu fim ɗin ne ko abokansu. Su ma ba su amfane ni da komai ba. Mutum kaɗan ne a tsakiya suka yi abin da ake nema wurin mai sharhi, wato suka faɗi inda gabansu ya faɗi, suka kuma faɗi dalili.

Kuma waɗannan 'yan kaɗan ɗin wuri ɗaya suka nuna, wurin da ni ma ya kama ni, wanda kai ba ka kai gare shi ba. Bayan mutanen fim ɗin sun kulle kansu a wani gidan gona, sai dattijon cikinsu ya gane an ciji ɗansa a damtse. Ya ja masa hannun riga ya rufe, bai gaya wa kowa ba. Da zazzaɓi ya yi ƙarfi sai ya kai shi ɗakin ajiya, ya ɗaure masa ƙafa da igiya, ya fito ya jingina bayansa da ƙofar. Daga nan ba a ƙara nuna yaron ba. Kyamara tana kan fuskar uban kawai. Kana jin numfashi daga ciki, can sai ya ɗauke, sai shiru mai tsawo, sai kuma ka ji ana karce katako a hankali daidai bayan kansa. Uban ya kira sunan yaron sau ɗaya, a irin muryar da ake tada yaro da ita da asuba. Aminina, ko sisi ba a kashe a wurin nan ba. Ƙofa ce da dattijo da farce. Amma na kalli manyan fina-finan Amurka da ake rusa gari guda a cikinsu, ba wanda ya hana ni barci kamar wannan.

Irin wannan fim tun asalinsa ɗan talakawa ne. Wanda ya kafa masa tsarin da kowa yake bi yau, George Romero, ya yi Night of the Living Dead a 1968 da kimanin dala 114,000, shi da abokansa masu shirya tallan talabijin a Pittsburgh. Baƙi da fari ne, jinin da ke ciki ruwan cakulan ne, da yawa daga cikin matattun kuma mutanen yankin ne da abokan arziki. Da ya fito, wasu manyan masu sharhi sun zage shi, suka ce ƙazanta ce. Ya dawo da miliyoyin daloli, kuma a 1999 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ake adanawa don tarihi. Abin da ya riƙe shi ba kwalliya ba ce. Jarumin baƙar fata ne, Duane Jones, ya kwana yana kare kansa daga matattu, gari ya waye, sai 'yan sintiri farare suka hango shi ta taga suka harbe shi. A shekarar da aka kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, fim ɗin ya fito. Wanda ya tsaya duba ko jinin na gaske ne ba zai taɓa ganin wannan ba. Yana nan kyauta a YouTube, domin masu rarraba shi sun manta sa alamar haƙƙin mallaka lokacin da suka canza masa suna.

Masu kashe fim tun a farko kuwa, da ma su ji labarin One Cut of the Dead da aka yi a Japan a 2017 da yen miliyan 3 kacal. Mintuna 37 na farkonsa ɗauka ɗaya ce ba yankewa, cike da abubuwan da za ka rantse kurakurai ne. Sai a gaba ake gane cewa kowanne da gangan aka sa shi. Ya mayar da jarinsa fiye da ninki dubu. Ba ina cewa naka ya kai wannan ba, bai kai ba, kurakuransa na gaske ne.

Amma sharhin da ya fi tsaya mini a rai ba a intanet na karanta shi ba. Ƙanena ya ɗora fim ɗin a kwamfutarsa, suka taru a zaure bayan isha shi da abokansa. Cikin masu leƙe har da wani bawan Allah mai tura mana ruwa a baro, mutumin wani ƙauye ne ta wajen Batsari, wanda 'yan bindiga suka tada su, ya dawo birni da iyalinsa. Samari suna ta sheƙa dariya duk sanda mataccen nan mai hoda ya fito yana jan ƙafa. Shi ko murmushi bai yi ba. Da aka zo inda wani yake bugun ƙofa daga waje yana roƙon a buɗe masa, na ciki kuma suka kasu biyu, masu cewa a buɗe da masu cewa kada a buɗe, sai ya ce a hankali haka abin yake, kuma wanda ya hana a buɗe ba mugu ba ne, 'ya'yansa yake dubawa. Sannan ya ce abu ɗaya ne mai fim ɗin bai sani ba: ya bar su da fitila a kunne suna ɗaga murya. A irin wannan dare, in ji shi, fitila ake fara kashewa, a kashe waya, uwa ta danna wa jariri nono a baki ko ba ya jin yunwa, awaki ma sai ka ji kamar ka roƙe su su yi shiru. Yana gama faɗa ya sa takalminsa ya fita, bai jira ƙarshe ba. Dariyar zauren ta ɗauke. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ka ga, mutumin da ke zaune a Ingila ko Amurka yana ba da maki, a wurinsa mutane a kulle cikin gida, wasu na fitowa daga daji suna kewaye su, tatsuniya ce. A Jibiya da Safana da Ɗanmusa kuwa ba tatsuniya ba ce. Mu da muka ga Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara cikin dare, ba da ido ɗaya muke kallon wannan fim da su ba. Shi ya sa nake ganin bai kamata ka ari bakinsu ka ci albasa da shi ba. Kai ɗan nan ne.

Akwai kuma ra'ayin Kawu, wanda ba zan raina ba. Da ya ji abin da ake kallo sai ya ɓata rai, ya ce tada matattu na Allah ne Shi kaɗai, kuma gawa abar girmamawa ce, ba abar wasa ba. Gaskiya ya faɗa. Mu da mutum zai rasu da safe, a yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a sallace shi, kafin la'asar an kai shi maƙabartar Ɗan Marna, ganin an fasa kan gawa da gatari yana mana nauyin da ba ya yi wa wasu. Ni ma akwai wuraren da na kawar da kai, kuma ba zan bar yara su kalla ba. Abin da na gaya masa kawai shi ne, yawancin fina-finan yanzu ba tashin kabari suke nufi ba, cuta suke nufi, wadda take kama mutum ta raba shi da hankalinsa, ya daina gane uwarsa. Tun can asali ma, a Haiti inda labarin ya fi tushe, tsoron bauta ne: a ce boka ya mallake ka ya tura ka noman rake, ko mutuwa ba ta 'yanta ka ba. Kawu bai gamsu ba, ni kuma ban matsa ba.

A nan garin da kake ma an yi irinsa. C.J. Obasi ya yi Ojuju a 2014, kusan ba jari, a wata matsattsiyar unguwar talakawa ta Legas, ya kuma sa wa jaruminsa suna Romero. A nasa labarin gurɓataccen ruwan sha ne ya jawo annobar. A shekarar ne Ebola ta shigo Legas. Fim ɗin ya ci kyautar fim mafi kyau na Nijeriya a bikin fina-finan Afirka na AFRIFF, kuma mutumin nan shi ne daga baya ya yi Mami Wata, wanda ya karɓi kyauta a bikin Sundance na Amurka a 2023. Wanda ya ga yadda amai da gudawa ya kwantar da mutane a Arewa a 2021 ba sai an yi masa bayanin abin tsoro a cikin rijiya ba. Da Obasi ya tsaya jiran kuɗi, ko ya bar masu raina ƙaramin aiki suka sare masa gwiwa, da ba a je ko'ina ba.

Wannan ya kawo ni kan ƙanena. Tun daren nan yake ta rubuce-rubuce a littafi, wai shi da abokansa na Poli za su ɗauki gajeren fim da waya kafin hazon ya wuce, a bayan ganuwa ta wajen Ƙofar Guga. Fina-finanmu na Hausa in sun tashi ba da tsoro aljani ne ko maye ko fatalwa, da farin ƙyalle da dariyar ƙeta. Shi yana son ya yi na cutar da ta shigo unguwa ta ruwa, ba maƙabarta ba gawa, saboda maganar Kawu ta shige shi. Na ba shi shawara ya je ya zauna da mai ruwan nan, in ya yarda, ya saurare shi da ladabi kafin ya rubuta komai, kuma kada ya nuna abin da zai iya barin kunne ya ji. Na san in sun sake shi za a samu masu cewa shirme ne tun kafin su kai tsakiya. Ina roƙonka kada ka kasance cikinsu, domin yaron yana ganin girmanka, kalmarka ɗaya za ta iya sa ya ajiye littafin.

Don Allah ka sake kallon fim ɗin, da dare, da abin ji a kunne, ka daure har ka wuce wurin ɗakin ajiyar, sannan ka rubuto mini ra'ayinka na kanka. In har bayan nan ka ce bai yi ba, zan karɓa. Kuma in ka shiga Ikeja kasuwar 'yan kwamfuta, ka tambayo mini kuɗin ƙaramin makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, mai haɗuwa da waya, guda biyu. Sauti ne ya fi kashe fim ɗin da ka turo, ba na so ya kashe nasu. Ka gaya mini farashin in turo maka, sai ka ba direbobin Katsina da ke lodi a Agege su taho da shi.

Ka gaida uwargida da yara, ka ce wa babban ya dage da karatu. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka, suna tambaya ko za ka zo hawan Sallah bana. Allah Ya tsare, Ya ba mu zaman lafiya a jiharmu da ƙasa baki ɗaya.

Wassalam,
Naka amini.