Ba Kullum Laifin Injin Ba Ne

Ranka ya daɗe Edita,

Ina buga 'yan kayan roba da firintar 3D, injin da ke narka roba yana jera ta hawa-hawa har kaya ya fito, a shagona da ke Aboabo, nan Kumasi. Kwanan baya wani bakanike daga Suame Magazine, unguwar bakanikai ta Kumasi, ya ba ni aikin marfi mai tsini. Gindin ya fito sumul, amma tsinin ya narke ya karkace kamar kyandir a rana. Na ɗaure bel, na sauya bakin injin, duk a banza. Har na fara zargin mai sayar mini da robar, Allah ya yafe mini.

Ɗan ƙanena ne ya ce, "Baba, duba lokacin kowane hawa mana." A OrcaSlicer, manhajar kwamfuta da ke shirya wa injin aiki, bayan an yanka samfurin hawa-hawa, akwai inda ake zaɓar launuka su nuna daƙiƙun da kowane hawa zai ci. Sai ga gindin launi guda, tsinin kuma wani launi dabam, hawansa bai kai daƙiƙa 3 ba. Irin robar da nake amfani da ita, PLA, tana fitowa da zafin wajen digiri 200, ba ta huce ba an ɗora mata wata. Ga zafin shago mai kwano da azahar.

Na ƙara mafi ƙarancin lokacin hawa zuwa daƙiƙa 10, na buɗe fanka gaba ɗaya, na kuma buga guda biyu tare don kowane ya samu shan iska. Inda launi ya sauya farat ɗaya a tsakiya a cikin manhajar, nan ma wani zobe yake fitowa a jikin kayan. Wannan har yanzu ina fama da shi.

Naka,
Mai shagon roba, Aboabo, Kumasi