Banjo ƙirar hannu yana son kulawa a zafin Sudan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin 'yan'uwa a Wad Madani da Mai Wurno waɗanda banjo ƙirar hannu ya shigo hannunsu. Kayan kiɗan Amurka ne, amma tushensa Afirka ta Yamma, ɗan'uwan molo da gurmi.

Aikin gwani a fata ake gane shi. Faɗinta yawanci inci 11 ne, ƙugiyoyi 24 ke ɗaure ta. Da damina fatar akuya kan sha laima ta saki, jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a kansa, ya nutse, sauti ya dushe. Kada a kanga ta a wuta. A ɗaure ƙugiyoyin kaɗan-kaɗan, rubu'in juyi, ɗaya nan ɗaya a kishiyarta. Idan rani ya kama kuma a sassauta, in ba haka ba fatar ta tsage, kuma wallahi asara ce babba.

Jakin ba a manne yake ba, tsirkiya biyar ɗin ne ke danne shi. Saboda haka a sauya tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, kada ya goce. Don Allah kada a bar banjon cikin mota da rana, manne kan narke, wuyan ya karkace.

Naku,
Mai karatu daga Wad Madani