A Yi Wa Fim Ɗin No Smoking Adalci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in mayar wa ɗan'uwana mai shafin fina-finan Indiya martani. A makon da ya shige ya jero fina-finan da ya kira asarar kuɗi, ya sa No Smoking a cikinsu, ya ce ba kai ba gindi, ya kuma kafa hujja da cewa masu sharhi na Indiya ma haka suka ce. Sun faɗa kam. Lokacin da fim ɗin ya fito a watan Oktoba na 2007, manyansu irin su Taran Adarsh da Rajeev Masand sun yi masa kaca-kaca, 'yan kallo kuma suka ƙaurace wa sinimomi. Amma ni tela ne a Zariya, na yi shekara 17 ina zuƙar sigari kafin Allah ya yaye mini, kuma ban taɓa kallon fim ɗin da ya san cikin mashayi kamar wannan ba.

Ga wanda bai kalla ba: John Abraham ne ya fito a matsayin wani mai kuɗi mai girman kai da ake kira K, wanda ko a bahon wanka kara na bakinsa. Matarsa Anjali, wato Ayesha Takia, ta gaji ta yi yaji. Abokinsa Abbas ya kwatanta masa wani wurin raba mutane da sigari mai suna Prayogshala, K ya bi lunguna a unguwar talakawa, ya yi ta sauka ƙarƙashin ƙasa har ya iske Baba Bangali, wanda Paresh Rawal ya hau. Aka tilasta masa sa hannu a takarda, ya biya sama da rupi miliyan 2 da cek, saura rupi ɗaya da aka ce sai tsabarsa. Sharaɗin kuwa, in ya sake sha, za a kulle wani nasa a ɗaki mai cike da hayaƙi. In ya ƙara, yatsu biyu. In ya ƙara, ran wani nasa. Na ƙarshe, a zare masa kurwa daga jiki.

Babban ƙorafin masu sharhi shi ne ba a gane ina mafarki ya tsaya, ina zahiri ya fara. Me ya kai K cikin ƙanƙarar Rasha da sojoji suna harbinsa? Ya aka yi matarsa da sakatariyarsa fuska ɗaya? To ni dai wannan bai ɗaure mini kai ba. Makon farko da na ajiye sigari, na yi mafarki ina gudu a cikin kasuwa ina neman ashana, duk mai teburin da na tsaya wajensa sai in ga fuskar mahaifina ce. Na farka jiƙe da gumi, na shinshina yatsuna don in tabbatar ban sha ba. Da rana kuwa ina kan keke, sai in ga na ɗinka hannun riga a baibai ban san lokacin da na yi ba. Wanda ya taɓa wannan ba zai tambayi daraktan fim ɗin, Anurag Kashyap, me ya sa labarinsa ba ya tafiya a miƙe ba.

Inda na fi ganin an yi kuskure shi ne ɗaukar fim ɗin a matsayin wa'azin hana shan taba. Sunan ne ya ruɗi mutane. Wanda yake raba mutane da sigari a fim ɗin ai shi ne bos, mutumin da yake alfahari da hotonsa tare da Hitler. A ƙarshe K ya daina sha, gangar jikinsa tana yawo tsaf-tsaf cikin mutane, kurwarsa kuwa tana can ƙasa a tsare. An ci nasarar gyara shi, sai dai babu kowa a cikin rigar.

Kashyap da kansa ya sha faɗar cewa labarin kansa ne. Fim ɗinsa na farko, Paanch, ya maƙale a hukumar tace fina-finai ta Indiya, har yau bai shiga sinima ba. Na biyu, Black Friday, kan hare-haren bam na Bombay na 1993, kotu ta riƙe shi sai a farkon 2007 ya fito. Ga kuma ministan lafiya na lokacin, Anbumani Ramadoss, wanda tun 2005 yake fafutikar hana nuna shan taba a fim. Mutumin da aka toshe wa baki sau biyu ne ya ɗauki gajeren labarin marubucin Amurka Stephen King mai suna Quitters, Inc. ya juye haushinsa a ciki. Ku duba yatsun da ake yankewa, na nuni da na tsakiya. Da su ake riƙe kara, da su ake riƙe alƙalami. Ni da su nake tura yadi ƙarƙashin allura, kuma har yanzu akwai ɗan rawaya a gefen farcensu. Abbas ɗin da ya fara rasa nasa, sunan wani marubucin fim na gaske aka ba shi, Abbas Tyrewala. Mu nan bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, tunda a 2007 ɗin ne aka dakatar da shirya fim a Kano na wata shida.

Kada a ɗauka ina kare taba. Ta cinye mini kuɗi, ta bar ni da tarin asuba na shekaru. Amma na san yadda gyaran dole yake. Yayana ya taɓa kai ni wajen wani mai magani, aka ɗura mini wani jiƙo mai ɗaci na yini ina amai, aka sa na yi rantsuwa gaban mahaifiyarmu. Uwargida ta tafi gidansu har sau biyu. Abin da na ƙaru da shi kawai shi ne ƙwarewa a ɓoyo: kara ɗaya a bayan shago, goro a baki, turare a riga. Na zama mutum biyu, kamar K. Ranar da na daina da gaske ba wanda ya tsare ni. Cikin azumi ne, an sha ruwa, na kunna kamar kullum tun kafin in taɓa kunu, sai na ga ƙaramar 'yata ta naɗe takarda ta sa a baki tana kwaikwayona. Na kashe, na zuba sauran kwalin a kwata.

Fim ɗin yana da laifinsa, ba zan ɓoye ba. Bayan hutun rabin lokaci ya yi ja, kuma akwai wuraren da darakta yake wasa da hankalin mai kallo don kawai ya nuna ya karanta Kafka, marubucin labarai masu kama da mugun mafarki. Wanda ya biya kuɗinsa don ya ga John Abraham na Dhoom a kan babur yana da hakkin ya fito yana tsaki. Waƙoƙin Vishal Bhardwaj da Gulzar ma ba irin na rawa a gindin bishiya ba ne. Amma mai sharhi aikinsa ya wuce na mai tikiti. An nuna fim ɗin a bikin fina-finai na birnin Rum a shekarar da ya fito, kuma yau matasan Indiya da dama suna lissafa shi cikin waɗanda suka riga zamaninsu.

Ɗan'uwa mai shafi, faifan yana nan a akwatin zare a shagona, ya ɗan karce amma yana yi. In hanya ta biyo da kai Zariya ka tsaya mu kalla tare, shayi a kaina. Sai dai ka yi haƙuri in ka ga hannuna yana laluben aljihun gaba duk lokacin da K ya ƙyasta wuta.

Naku,
Wani tela, Tudun Wada, Zariya.