Matsalar hambirek ba ɗaure noti ba ce kawai

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu mota, musamman mu na nan Jos, a kan birkin hannu, wato hambirek.

Duk wanda ya san Jos ya san garin hawa da gangara ne, daga Gangare zuwa Tudun Wada har Angwan Rogo da wuya ka samu inda za ka faka mota a shimfiɗe. Amma motoci da yawa hambirek ɗinsu ado ne kawai, mutum zai sauko yana waige-waigen dutsen da zai tokare taya da shi, har abin ya zama mana jiki.

Ni ma haka nake yi, sai wata safiya da sauri ya hana ni neman dutse. Na ja hambirek ɗin tsohuwar Corolla tawa har ƙarshe, na bar ta a firi, wato ba a giya ba, na shiga shago sayen burodi, ban yi minti biyu ba na ji ihu. Motar ce ta sulale da baya a hankali ta ture teburin mai shayi, kiret ɗin ƙwai da kofuna duk a ƙasa, kuma wata yarinya da ke jiran a zuba mata shayi a fulas ba ta daɗe da tashi daga kan bencin nan ba. Wallahi har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Ranar na kai ta wani gareji. Yaron garejin ko taya bai kwance ba, ya ɗaga robar da ke gindin hambirek ya sa sifana ya ɗaure noti, ya ce oga an gama. Kafin in kai Bukuru sai warin ƙuna, na tsaya na kai hannu kusa da wilin baya na dama, zafi kamar murhu, na hagu kuwa sanyi ƙalau. Ga mota ta yi nauyi tana shan mai.

Wani dattijon bakanike a wajen Farin Gada ne ya buɗe mini ido, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce, "Ɗana, kebul ɗan aike ne, in shu ya cinye ko ka ja shi har ya tsinke ba zai riƙe mota ba." Kebul dai shi ne wayar da ta tashi daga hambirek zuwa tayun baya, wadda notin nan ke ɗaurewa, shu kuma takalmin birki ne da ke danna diram, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Da farko ya sa ni na ja hambirek a hankali muna ƙirga ƙas-ƙas ɗin da yake yi. Ya ce yawancin ƙananan motoci tsakanin 5 zuwa 8 ya kamata ya kama gam, in ya wuce 10 to akwai magana. Sannan ya tokare tayun gaba, ya ɗaga baya da jak ya sa mata tsayayyen ƙarfe, don bai yarda a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai ba, ya cire diram biyun.

Abin da na gani da idona: shu ɗin dama ya cinye saura ƙiris ƙarfe ya fito, shi ne kuma ɗaurin yaron nan ya manne da diram. Na hagu yana da sauran nama amma ya jiƙe sharkaf da man birki da ke tsiyaya daga silinda, kuma shu in ya sha mai, santsi yake yi, wanki ba ya raba shi, sai canji. Kebul ɗin hagu kuma tsatsa da taɓon damina sun cije shi a cikin rigarsa, ko motsi ba ya yi. Ashe duk watannin nan taya ɗaya ce ke riƙe da motar, ita ma da ƙyar.

Baba ya canza shu na ɓangare biyun tare, ya ce ba a canza ɗaya a bar ɗaya, ya sa sabon silinda da kebul, aka fitar da iska daga birki. Sai ya koma kan ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke tsakanin shu biyu, yana juya shi da sukundireba haƙori ɗaya-ɗaya har taya ta fara gogawa, sai ya sassauta kaɗan. Bayan duk wannan ne fa ya taɓa notin kebul, shi ma juyi kaɗan. Ya sauke hambirek ya juya kowace taya da hannu, suna tafiya ba cijewa, ya ja zuwa ƙas na 6 duka biyun suka kafe. Masu motocin da birkin bayansu faifai ne ba diram ba kada su ce ba ruwansu, wasu kamar Camry akwai ɗan ƙaramin shu na hambirek a ɓoye cikin faifan.

Roƙona ga iyayenmu shugabannin gareji, a koya wa yara su buɗe taya su duba kafin su kai hannu kan noti, ko da mai mota na gaggawa. Direbobi kuma, ko hambirek na da kyau a bar mota a giya ɗaya in ta kalli tudu, a ribas in ta kalli gangara, mai otomatik a P, a karya sitiyari wajen gefen titi. Masu otomatik ma su riƙa jan shi kullum, rashin amfani ne ke sa kebul ya yi tsatsa. Shugabannin tasha, don girman Allah duk motar haya da za ta sauka Hawan Kibo, gangaren nan da ke hanyar Jos zuwa Akwanga, da fasinja a gwada hambirek ɗinta kafin a yi lodi.

Ni dai bayan gyaran na koma daidai inda abin ya faru, na ja hambirek na ɗaga ƙafa daga birki ina zaune ciki, motar ko gezau. Na biya mai shayi kuɗin ƙwansa da teburinsa, yarinyar kuma har yanzu nakan gan ta da fulas ɗinta da safe.

Naku,
Wani mai mota daga Gangare, Jos