Wasiƙa zuwa ga Uwata: Hausa harshe ce, Kananci ne karin harshe

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai.

Na ga saƙonki kan malamin da ya tambaye ki wane "karin harshe" kuke yi a Afirka. Kada ki yi fushi, kada kuma ki yi shiru, domin shirun ne ya sa maganar ta daɗe.

Fara da ma'auni. Masana harshe suna duba fahimtar juna: in mutum biyu suka yi hira ba tafinta suka gane juna, bambancinsu na kari ne. Bakano ya ce zauna, Basakkwace ya ce zamna. Wannan ya ce sauka, wancan sabka. Fari a Kano, hwari a Sakkwato. Su ƙulla ciniki a kasuwa, ba wanda ya cuci wani. Waɗannan su ne kare-karen Hausa. Amma zaunar da Bahaushe da Bayarabe, ko da Babarbare, ki ga inda hirar za ta tsaya. Asalinsu ma ba ɗaya ba ne: Hausa tana reshen Cadi na dangin Afro-Asiya, inda Larabci da Amharanci suke, Yarbanci da Fulatanci kuwa suna dangin Neja-Kongo.

Sannan ki mayar masa da ma'aunin gida. Mutanen Nowe da na Suwidin suna jin maganar juna sosai, ba wanda ya ce kari suke yi. Kowa da ƙasarsa da tutarsa, shi ke nan.

In ya ce ai ba nahawu, ba shi kalma ɗaya: wuya. Karin sauti ne kaɗai ya raba wuyan da ake rataya sarƙa da wuyar da ake sha. Gari na zama da garin tuwo, tsawon wasali ne ya raba su. Mu muna bambanta kai da ke, ka zo da kin zo, Turanci kuwa kalma ɗaya gare shi. In ya koma kan rubutu, an rubuta Hausa da ajami tun kafin zuwan Turawa. Ƙamusun Bargery na 1934 yana da kalmomi kusan dubu 39, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, sashen Hausa na BBC a 1957. Sai dai kada ki jingina hujjarki duka a kan rubutu. Nan mutane ke zamewa, don sai ki tarar kin yarda cewa wanda ba a rubuta ba bai cika harshe ba.

Rainin daga makarantun mulkin mallaka ya samo tushe, inda ake cin tarar yaro don ya yi banakula, wato harshen gida. Amma Uwata, mu ma da namu laifin. Namu muna ce masa harshe, na maƙwabta mu ce yare, maganar da ba ta fita mu kira ta gwaranci, alhali Gbagyi, wanda muke kira Gwaranci, harshe ne cikakke. Angas da Tangale da Bole kuwa 'yan uwan Hausa ne na jini, reshensu ɗaya. In kin haɗu da ɗan Filato ko ɗan Gombe a can, tambaye shi sunan harshensa kamar yadda mutanensa ke faɗa, ki riƙe shi.

Mamanki tana gaishe ki, ta ce ko yajin ya isa?

Naki,
Baba