Zuwa ga Baba Alhaji: Ba Jinin 'Ya'yanmu Muke Sayarwa Ba

Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Tambayar da ka jefo mini a gaban jama'a a Makka ta zaga wayoyin Hausawa har nan Jidda. Ka ce wa ya halatta wa ɗan boko ya ɗebi jinin yaranmu masu sikila da sunan bincike, gobe kuma ya buɗe kamfani ya ci riba da shi. Ka ce ilimi sadaka ne, kuɗin masu zuba jari kuwa kuɗin ruwa ne. Sannan ka kira mu 'yan kasuwar ciwo. Kai uba ne, da a ɗaki ka faɗa mini da a ɗaki zan amsa. Amma iyaye mata sun ji, wasu sun fara tsoron kai yara gwaji, saboda haka dole in amsa inda kowa zai gani. Waɗanda suka san aikina a asibiti sun san ban taɓa karɓar riyal ɗaya a kan kwalbar jinin kowa ba.

Ga yadda jinin nan ke tafiya. Kafin a taɓa allura, sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ya amince da aikin, ƙarƙashin dokar da Saudiyya ta kafa a 2010 kan bincike a jikin halittu. Uba ko uwa su sa hannu a takardar amincewa, kuma suna da ikon janyewa ko yaushe ba tare da an taɓa maganin ɗansu ba. A ɗebi mililita 2 zuwa 4, a cire sunan yaro a maƙala lamba. Kwalbar tana hannun asibiti ko jami'a. In za ta fita zuwa wani wuri, sai da yarjejeniya a rubuce: nawa aka bayar, don wane aiki, me za a yi da ragowar. Abin da kamfani ke riƙewa dabarar da aka ƙirƙiro ce, ba jini ba. Inda ake kuskure, kuma na yarda ana yi, shi ne a miƙa wa tsohuwar da ba ta karanta Larabci takarda mai shafi shida a ce ta dangwala. Wannan ba amincewa ba ce. Dole a yi mata bayani da Hausa, da shaida a zaune, a faɗa mata ƙarara cewa aikin zai iya haifar da abin sayarwa. Wanda ya ɓoye wannan ya ha'ince ta, kuma kwamitin nan ne wurin kai ƙararsa.

Ka tuna abin da ya faru a garin nan a 2012. Likita Ali Muhammad Zaki ya ware wata baƙuwar ƙwayar cuta daga majinyacin da ya rasu a Jidda, wadda daga baya aka sa wa suna MERS, ya aika da ita cibiyar Erasmus a Holan. Cibiyar ta nemi takardar mallakar ƙirƙira a kan amfani da bayanan ƙwayar. A 2013 mataimakin ministan lafiya na Saudiyya, Ziyad Memish, ya koka a taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba cewa hakan na jinkirta aikin gwaji. Mutanen Erasmus kuma suka ce suna raba ƙwayar kyauta bisa yarjejeniya. Ko wa ke da gaskiya, samfurin daga nan ya tashi, takardar kuwa a can aka rubuta ta. In mai bincike na gida bai yi rajista ba, ilimin ba ya zama sadaka. Wani ne zai riga shi. Kuma tsarin ba ya jira: a Turai, in ka wallafa sakamako ko ka baje shi a taro kafin ka shigar da takarda, ka kashe haƙƙinka da hannunka. Daga ranar shigarwa a hukumar mallakar fasaha ta Saudiyya kana da wata 12 ka nemi kariya a waje, kana da kusan wata 30 ka zaɓi ƙasashe ka biya kuɗinsu, kariyar kuma shekara 20 ce daga ranar shigarwa, ba daga ranar fara sayarwa ba.

To me ya sa sai kamfani? Ɗauki tsinken gwajin sikila, irin na gwajin ciki, wanda ɗigon jini zai nuna AA ko AS ko SS. A ɗakin gwaje-gwaje ɗalibi zai haɗa guda hamsin da hannu, su yi aiki, a rubuta muƙala, a ba shi digiri. Nan aikin jami'a ya ƙare, nan kuma wahala ta fara. Jinin jariri cike yake da himogulobin na ciki, wato sinadarin jan jini irin wanda yake da shi tun yana cikin mahaifa, sai tsinke ya rikice in ba a gwada shi a kan jarirai ba. Yaron da aka ƙara wa jini kwanan nan zai fito kamar AS alhali SS ne. Zafin motar kaya a lokacin bazara da laimar bakin teku na lalata sinadarin da ke kan takardar tsinken, don haka sai an rufe kowane ɗaya a leda mai ƙarfe da ƙullin tsotse laima, an ajiye shi watanni a ma'aunin zafi 40 zuwa 45 ana gwadawa. Sai an yi zubi uku daban-daban an ga sun ba da amsa ɗaya. Sai an kwatanta shi da na'urar HPLC ta asibiti, wadda ke tantance AA da AS da SS. In kana son tabbatar da cewa yana kama 95 cikin 100 da kuskuren da bai wuce maki 3 ba, kana buƙatar masu cutar kusan 200, ban da masu lafiya. Masana'antar kuma ta samu shaidar ingancin kayan asibiti ta ISO 13485, sannan hukumar abinci da magunguna, SFDA, ta ba da izinin sayarwa. Bayan duk wannan, asibitocin gwamnati ta hannun NUPCO, kamfanin da ke sayo musu kaya, suke sayayya, sai ka shiga takara da manyan kamfanonin duniya. Kuɗin tallafin bincike ba ya biyan waɗannan, malamin jami'a kuma ba zai ɗauki alhakin zubin da ya lalace a kasuwa ba. Wannan fa tsinke ne kawai. Magani na cin shekara 10 zuwa 15, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda suka kai gwajin mutane ba sa samun izini.

Maganar kuɗin ruwa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Mai zuba jari hannun jari yake saya. In kamfani ya faɗi kuɗinsa ya tafi, ba ya bin kowa bashi. Ka fi ni sanin sunan wannan a fiƙihu. Mai ƙirƙirar ma ba ya kwashe abin da kake zato: in ya sayar da kashi 20 cikin 100 na abin da ya rage a hannunsa sau uku a jere, abin da ya rage wa waɗanda suka kafa kamfanin kashi 51 ne, su raba da jami'a da ma'aikata.

Haɗarin gaske yana cikin takardar lasisi, wadda da ita ake ba kamfani izinin haɗawa da sayar da abin da aka ƙirƙiro, kuma a nan nake so dattawa su matsa mana. Cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta haɗa Niprisan don masu sikila daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro, kanumfari da karan dafi. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi shi kaɗai, a 2006 maganin ya fito da sunan Nicosan, a 2008 kamfanin ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kantuna, marasa lafiya suka rasa. Ƙwai duka aka zuba a kwando ɗaya. Lasisi mai kyau yana ƙayyade ƙasashe, yana sa wa'adi cewa in ba a kai mataki kaza a shekara kaza ba haƙƙi ya dawo gida, yana tilasta a ajiye bayanan haɗawa a hannun jami'a, yana rubuta farashi na daban ga ƙasashe matalauta. Maganar tsada kuma gaskiya ce, ban musa ba. Casgevy, maganin gyaran ƙwayoyin halitta na sikila da Saudiyya ta amince da shi a Janairun 2024, daga ƙaramin kamfanin da aka kafa a 2013 ya samo asali, farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2, sama da riyal miliyan 8. Wannan ciwo ne a zuciyar duk mai aikin nan. Amma ba a rage farashi da zagin mai bincike, a teburin yarjejeniya ake rage shi.

Yanzu, Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ruwa ba ya tsami banza. Shekara da shekaru ana sayar wa alhazai da masu Umra ruwan magani a goran roba, ana cewa yana mayar da SS ya koma AA, abin da babu jiƙon da zai iya. Babu lambar rajista, babu ranar lalacewa, babu wanda ya auna abin da yake yi wa ƙoda. Ban ji muryarka a kan wannan ba ko sau ɗaya, alhali wasu masu sana'ar a majalisarka suke zama. Sai da aka ce ga tsinken da zai nuna wa uwa cewa jinin ɗanta bai canja ba bayan gora goma, sannan maganar haram ta taso. Ba na yanke maka hukunci a kan niyyarka, amma jama'a na da idanu.

Abin da ya fi ci mini rai ya wuce kai. Tun 2004 gwajin sikila kafin aure ya zama dole ga 'yan ƙasa a nan, amma 'yan uwanmu marasa iƙama ko inshora suna ɗaura aure a gida ba gwaji, AS da AS, kowane ciki da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Attajiranmu kuwa kuɗinsu na kan masauki da zinare da tikitin jirgi. Jami'ar KAUST na nan Suwal tun 2009, kusa da mu, tana da shirin TAQADAM na renon ƙananan kamfanoni. Ƙasar ta fitar da tsarinta na fasahar halittu a Janairun 2024. 'Ya'yanmu nawa muka tura? In sun je kuma, sai a tarbe su da sunan 'yan kasuwar ciwo.

Ina roƙonka ka zaɓo mutum biyu da ka yarda da su, ɗaya malamin fiƙihu, ɗaya mai karanta kwangila, su zo Jidda su duba takardar amincewarmu da sharuɗɗan lasisin, ban da sirrin marasa lafiya. Abin da suka gani su faɗa a majalisar da ka yi tambayar. Kafin nan, ka ɗauki wata muryar ka gaya wa iyaye mata kada su fasa kai yara asibiti, kada kuma su dakatar da maganin hydroxyurea da likita ya rubuta.

Wassalam.

Ɗanka mai binciken cututtukan jini,
Jidda